Ba Ni da Babban Hanji, Amma Ina Cin Tuwo

Ku gafarce ni tun da wuri, gama maganar da na kawo muku ba irin wadda ake yi a gaban suruki ba ce. Maganar ciki ce, da abin da yake shiga, da kuma abin da yake fita. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, watau akwai abin da ya kamata mutum ya haɗiye ya yi shiru. Gaskiya ne. Amma akwai shirun da yake kai mutum kabari, shirun zawo da jini kuwa yana cikinsu. Shi ya sa na shawarci maigidana, ya kuwa yarda in rubuta.

Shekara 6 na yi ina fama da zawo mai jini da majina. A gari aka ce atini ne, aka ce basir ne, wata tsohuwa ma ta rantse sammu aka yi mini. A shekarar 2013 likita ya zura wata na'ura mai ɗan fitila a kanta ta dubura, ya duba babban hanjina, ya tarar duk ya yi gyambo tun daga ƙasa har sama. Likitoci suna kiran ciwon kolaitis, ni dai gyambon babban hanji nake ce masa. Ba a ɗaukarsa daga wurin wani. Sojojin jiki ne, waɗanda Allah ya sa domin su yaƙi cuta, suke juyowa su far wa fatar hanjin mai su. Mutane da yawa magani yakan riƙe su har tsufa, ba sai an yanka su ba. Ni dai magani ya kasa. A 2015 dangi da ikkilisiyarmu suka haɗa hannu aka kai ni ƙasar Indiya, aka cire mini babban hanji gaba ɗaya.

To, in an cire babban hanji, ta ina saura zai fita? A dā hanya ɗaya ce. Sai a huda ciki, a fito da bakin ƙaramin hanji, a manna masa jakar roba a waje. Har yau ana yin haka, mutane da yawa kuwa suna zamansu lafiya da ita. A 1969 wani likitan ƙasar Suwidin, Nils Kock, ya nuna ana iya ɗinka jaka a cikin ciki da hanjin mutum na kansa, sai dai mai ita yakan zura bututu ta fatar cikinsa ya kwashe. A 1978 Alan Parks da John Nicholls na asibitin St Mark's a Landan suka bayyana yadda za a haɗa irin wannan jaka da dubura, domin mutum ya riƙa fita ta hanyar da ya saba. A 1980 kuma Utsunomiya na ƙasar Japan ya sauƙaƙa ɗinkin. Akan kama ƙarshen ƙaramin hanji a lanƙwasa shi biyu kamar harafin J, a buɗe tsakaninsu su zama aljihu ɗaya, tsawonsa kamar taƙi guda. Irinta ce take cikina. Akan yi wa masu irin ciwona, akan kuma yi wa masu wani ciwon gado da yake sa tsiro ɗaruruwa su fito a babban hanji, waɗanda in an bar su sukan juye su zama sankara. Sau biyu aka shiga da ni ɗakin fiɗa. Tsakanin na fari da na biyu na yi wata 3 da jakar roba a cikina, domin ɗinkin ciki ya sami hutu ya warke.

Sai da na rasa babban hanji na san aikinsa. Ƙaramin hanji shi ne dogo, wajen ƙafa 20, don siririntarsa ne ake ce masa ƙarami. Shi yake tsotse amfanin abinci, shi ya sa nake ci ina ƙoshi ina kuma yin ƙiba kamar kowa. Babban hanji ƙafa 5 ne kaɗai, babban aikinsa kuwa mayar da ruwa da gishiri. Kowace rana ruwa kamar lita 1 da rabi yake gangaro masa daga sama, sai ya komar wa jiki da kashi 9 cikin 10, ya riƙe ragowar har lokacin da ya dace. Ni ba ni da wannan ma'aikaci. Saboda haka bayan gidana ba zai ƙara yin tauri ba muddin raina. Ran da ya yi kyau yakan zama kamar kunu mai kauri, ku yi haƙuri da misalin. Jikina kuma kamar randa mai tsaguwa yake, ruwa da gishiri suna yoyo kullum, sai ana yi ana ƙarawa.

Watannin fari sun yi wuya ƙwarai. Nakan zaga sau 12, wani lokaci sau 15 a yini, da dare kuma barci rabi da rabi. Likita ya ce in yi haƙuri, jakar za ta saki ta ƙara girma, ƙaramin hanji kuma zai koyi riƙe ruwa kaɗan. Haka kuwa aka yi. Da shekara ta zagayo na dawo sau 6 da rana, sau ɗaya da dare, a nan nake har yanzu, an kuma ce yawancin masu jaka a nan suke tsayawa. Mai lafiya zai ji sau 6 ya riƙe baki. Amma ni da na san kwanakin da ba na iya jiran minti 2, yanzu kuwa ina iya riƙewa har in gama abin da nake yi, ba jini, ba murɗa, a wurina wannan alheri ne mai girma.

Wata nas ce ta ba ni shawarar da ta fi kowace amfani. Ta ce in sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, in riƙa rubuta abin da na ci, da lokacin da na ci, da abin da ya biyo baya. Sabon abinci ɗaya kaɗai zan gwada a lokaci guda, kaɗan, da safe, ran da ba ni da tafiya. In jira kwana 2 ko 3 kafin in gwada wani. Wanda ya ƙi ni kada in yi masa saki uku, in sake gwada shi bayan wata ɗaya ko biyu, gama jakar tana canzawa. Takardar abinci da aka ba ni a asibiti ta abincin wata ƙasa ce, babu tuwo a ciki, babu kuka, babu daddawa. Sai muka yi tamu. 'Yata ta fari ce ta ja layi da rula, yara kuma suka raɗa wa littafin suna rajistar Mama.

Ga abin da rajistar ta koya mana. Tuwon shinkafa shi ne sarki. Ran da cikina ya tsinke, shi nake nema, da ayaba nunanniya, da burodi, da dankalin turawa dafaffe, da taliya. Sakwara da teba su ma suna ɗaure ciki. Acha ba ta taɓa ba ni kunya ba, ko tuwonta ko fatenta. Dawa da gero da masara kuwa, maganarsu tana ga surfe. In an surfa da kyau dusa ta fita, aka tankaɗe da rariya mai laushi, ba ruwana. In an kai inji da dusarsa aka niƙa gaba ɗaya, washegari zan sani. Na san ana koya wa mutane cewa dusar nan tana da amfani ga jiki, ga mai babban hanji kuwa gaskiya ne. Abincin wani gubar wani.

Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi, watau miya masu yauƙi, suna zama da ni lafiya, har nakan ga suna haɗa bayan gida ya yi kauri. Ɗanyar kuɓewa sai an goge ta sosai saboda 'ya'yanta. Kabewa ba ta da laifi. Ganye ne mai wuyar sha'ani. Alayyahu sai an tsince jijiyoyin, an yanka ƙanana ƙanana, an dafa har ya narke. Yakuwa da rama suna sakar mini ciki. Kwaɗon zogale kuwa, wanda nake so tun ina yarinya, mun yi ban kwana. Yanzu shanya zogalen nake yi a inuwa, in daka, in tankaɗe, in barbaɗa cokali ɗaya a miya. Ba daidai yake da kwaɗo ba, kada wani ya ruɗe ku, amma ya fi babu.

Wake da kabeji da ɗanyar albasa iska suke sawa, iska kuwa ba ƙaramar damuwa ba ce ga mai jaka, gama ba koyaushe yake iya rarrabe iska da abin da ba iska ba. Alala da aka surfe wakenta aka wanke ɓawon sarai nakan ci guda ɗaya. Ƙosai mai ne ya yi masa yawa, abu mai maiƙo kuwa gudu yake yi a cikina. Kaza da kifi da ƙwai ba su da matsala. Naman sa sai ya dahu har yana rabuwa da cokali. Ganda da jijiya da kilishi na bar wa masu hanji.

Barkono shi ya kusa raba mana tukunya. Ga mai jaka, yaji yadda ya shiga haka yake fita, yakan ƙona wurin kamar an sa garwashi. Maƙwabta suka ce in riƙa dafa tawa 'yar tukunya dabam. Ban yarda ba. Itace biyu, cefane biyu, ga kuma mace tana cin abincinta a gefe kamar baƙuwa a gidanta. Sai muka yi shawara da maigida. Miya ɗaya ake yi, da tattasai da tumatir da aka niƙa aka tace ɓawo da 'ya'ya, da daddawa, da gishiri, ba attarugu. Ga kwalbar yaji a kan tabarma, kowa ya zuba wa kansa gwargwadon ƙarfinsa. Sati biyu yara suka yi suna gunaguni, daga nan suka manta.

Akwai kuma waɗansu abubuwa da ba zawo ne abin tsoronsu ba, toshewa ce. Duk cikin da aka buɗe yakan yi tabo a ciki, tabon kuwa yakan matse hanji a wani wuri, musamman inda aka rufe hudar jakar roba. Abin da ba ya narkewa yana iya taruwa a nan ya tsaya kamar tsumma a magudana. Aya, kwakwa, gasasshiyar masara, gugguru, gyaɗa da ba a niƙa ba, goruba, 'ya'yan gwaiba, zaren mangwaro, da farar fatar cikin lemu, duk suna cikin wannan ƙungiya. Lemu da rake nakan tsotse ruwan in tofar da tuƙa. Mangwaro sai marar zare, shi ma da wuƙa, ba ɓawo. Gyaɗa in an niƙa ta lilis aka yi miya ko kunu, lafiya lau, har tana taimako. Kunun aya in an tace da ƙyalle mai kyau ina sha. Tauna kuwa ta zama mini aiki. Haƙora su ne turmin farko, abin da ba su daka ba babu mai daka shi a gaba. Kowa yakan wanke hannu ya tashi ya bar ni ina ta tauna kamar akuya a gindin bishiya.

Ba abin da aka ci kaɗai ba, har lokacin da aka ci. A gidan Bahaushe tuwon dare shi ne babban abinci, sau da yawa kuwa sai bayan ƙarfe 8 ake sauke shi. Abin da na ci da dare shi zai tashe ni ƙarfe 2 da ƙarfe 4. Saboda haka na mai da babban cina da rana, da yamma kuwa ɗan kaɗan, kafin ƙarfe 6 da rabi. Maimakon ci uku manya nakan yi biyar ƙanana. Wani zai ce, to, ran tafiya sai a ƙi cin komai a huta. Ba haka abin yake ba. Hanji ba ya daina zubo ruwansa don ba a ci ba. Cikin da babu komai iska yake tarawa, ya yi ta kuka, abin da zai fito kuma tsararo ne mai zafi. Gara ɗan burodi ko ayaba da zama haka.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan ruwa, gama a ƙasarmu a nan haɗarin yake. Likitocin da suka ƙago wannan aiki a ƙasashen sanyi suke. Ba su san bazararmu ba, watan Maris da Afrilu, sa'ad da mutum yake zaune a inuwa gumi yana zuba. Mai babban hanji yana da ajiya. Ni ba ni da ita, ina zubarwa ta ƙasa ina zubarwa ta fata. Alamun da nake dubawa su ne fitsari ya ragu ya yi ja, ciwon kai, jiri in na miƙe tsaye, da ɗaurewar jijiya a sha-raɓa da dare. Ruwa zalla ba ya isa a irin wannan lokaci, gama ba ruwa kaɗai ya fita ba, har da gishiri, in an yi ta ɗura ruwa zalla kuwa yakan wuce ya ƙara kwashe gishirin. Allah ya shirya ƙaramin hanji yadda gishiri da sukari suke shiga jini tare, su ja ruwa a bayansu. Wannan shi ne asirin ruwan gishiri da sukari da ake ba jarirai masu zawo, ni ma shi ne abokina. Lita 1 ta ruwa mai tsabta, watau ledar fiya wata 2, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In akwai na fakiti daga kemis ya fi, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. Kurɓa nake yi kaɗan kaɗan dukan yini, ba kwankwaɗa ba. Wanda ya kwana a zubar.

Ku lura, an ce sukari cokali 6, ba ludayi ba. Zaƙi in ya yi yawa ruwa yake jawowa daga jiki zuwa cikin hanji, sai zawo ya ƙaru. Lemon kwalba, da kunun zaƙi irin na biki, da zoɓon da aka cika wa sukari, duk suna sa ni gudu. Zoɓo ma yakan fito da jan launinsa, ran farko sai da gabana ya faɗi. Shayi mai ƙarfi da kofi da goro suna gaggauta hanji. Madara ba ta yi mini, kindirmo kuwa yana yi. Fura da nono nakan sha in a gida aka dama, da ruwan da na sani. Da damina, lokacin amai da gudawa, tafasa ruwan sha ba wasa ba ne a gidanmu, gama zawon da zai kwantar da mai lafiya kwana 2 ni yana iya kai ni ga ƙarin ruwa a asibiti cikin dare ɗaya. Gishiri kuma nakan ƙara a kwanona fiye da na kowa, romon kaza mai gishiri kuwa magani ne a wurina. Amma mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya bi ni sai ya tambayi likitansa. An kuma gargaɗe ni cewa masu irin cikina sun fi saurin yin tsakuwa a ƙoda saboda ƙarancin fitsari, wannan ma dalili ne na riƙe gora kusa.

Da ikkilisiya ta sa azumin farkon shekara, zuciyata ta damu. Tun ina budurwa ban taɓa zama a baya ba. Na je wurin fastonmu, dattijo ne, na ce, "Baba, likita ya ce kada in wuni ba ruwa, ga shi kuwa an sa azumi." Ya tambaye ni yadda jikin yake, na faɗa masa ba ɓoyo. Ya ce, "'Yata, Allah ba ya bukatar ki suma domin ya ji ki. Ki sha ruwanki, ki ci farin abincinki, ki bar abin marmari, ki zo addu'a." Haka nake yi har yau. Maƙwabciyata Musulma ta ce su ma an ɗauke wa marar lafiya azumin Ramadan. Ta kuwa san cikina sarai, in ta aiko da kayan shan ruwa, kunun gyaɗa take aiko mini, ƙosai na yara.

Ba kowa ya yi mini sauƙi haka ba. Akwai waɗanda suka ce yarda da wuƙar likita ƙarancin bangaskiya ne, da na dage da addu'a da hanjina yana nan. Mun yi addu'a shekara 6, 'yan'uwa, ba mu kuwa daina ba. Amma na karanta cewa Timoti, ɗan Bulus cikin bangaskiya, mai yawan ciwon ciki ne, Bulus kuwa bai tsauta masa ba, shawarar abin da zai sha ya ba shi. Ya kuma bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Luka abokin tafiyarsa ma likita ne. Ni ban ga inda addu'a da asibiti suka yi faɗa ba.

Ƙin abinci a gidan mutane raini ne a wurinmu, wannan kuwa ya fi barkono ƙuna. Ran da muka je gaishe da surukata bayan na dawo, ta dafa dambu da zogale, ta soya gyaɗa, duk domina. Da ta ga ina juya cokali sai ta ce, "Ke 'yar nan, abincina ne ba ki so?" Kunya ta hana ni magana. Maigida ne ya ce, "Inna, ba raini ba ne," ya zauna ya bayyana mata da misalin rariya da magudana. Tsohuwa ta yi shiru, sa'an nan ta tashi ta ɗora tukunyar shinkafa. Tun daga ran nan in ta ji za mu zo, ita da kanta take hana a sa attarugu. A wajen biki da Kirsimati kuwa na koyi kalma uku, "Likita ya hana." Ba wanda yake gardama da likita. Nakan karɓi kwanon da hannu biyu in yi godiya, in ci shinkafar, in kawo wa yara soyayyen naman da cincin.

Ran Lahadi nakan karya da sassafe domin ciki ya yi aikinsa kafin mu fita. Akwai ƙwaya mai suna loperamide da take rage gudun hanji, likita ya rubuta mini in sha kamar rabin awa kafin abinci in bukata ta kama. A bencin baya nake zama, kusa da ƙofa. Sa'ad da mai wa'azi ya ce kowa ya yi shiru ya yi addu'a a zuciyarsa, lokacin ne cikina yake ta da waƙarsa. Matan da suke zama kusa da ni sun saba. Babban taron zumuntar mata ne yake ba ni tunani, mata ɗaruruwa suna kwana a azuzuwan makaranta, makewayi kuwa ɗaya ko biyu, ba ƙofa, ba ruwa, ba fitila. A nan ina da magana da dattawan ikkilisiyoyinmu. Muna da kuɗin lasifika da janareta da fentin hasumiya, amma makewayi sai a ce sai baɗi. Ba ni kaɗai ba ce. Akwai tsofaffi, da masu juna biyu, da masu ciwon sukari, da matan da haihuwa ta bar su da yoyon fitsari. Waɗansu sun daina zuwa sujada, ba wanda ya tambaye su dalili.

Abin da yake fita daga jaka yana ɗauke da ruwan narkar da abinci da sauran ƙarfinsa, yakan ci fata. A nan mu masu buta mun riga Turawa, gama su ma likitocinsu wanki da ruwa suke ce musu su yi. Nakan wanke da ruwa zalla, ba sabulu mai ƙanshi, in dangwala ƙyalle mai laushi ba gogawa ba, in shafa man kaɗanya ko Vaseline. In wurin ya yi ja akwai farin man zinki a kemis.

Sau ɗaya hanjina ya toshe, a 2017. Ciki ya kumbura, murɗa tana zuwa tana tafiya kamar naƙuda, ba bayan gida, ba iska, daga baya sai amai. Kwana 3 na yi a asibiti da bututu a hanci da ƙarin ruwa, Allah ya sa ya buɗe ba a yanka ba, likita ya ce tabon aiki ne. Wanda ya ga waɗannan alamu ya daina cin abinci, kada ya sha loperamide, kada kuma a ba shi maganin wankin ciki. In amai ya fara ko ciwo ya ƙi lafawa, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Abu na biyu shi ne kumburin jaka. Kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin saboda gyambon hanji sukan gamu da shi ko da sau ɗaya. Zagawa takan ƙaru farat ɗaya, da matsuwa, da ciwon mara, wani lokaci da jini ko zazzaɓi. Yawanci likita yakan ba da ciprofloxacin ko metronidazole, wanda muka fi sani da Flagyl, na wajen sati 2, sai ya lafa. Amma a ƙasarmu atini da tsutsar ciki da taifot suna iya yin kama da shi, saboda haka a gwada bayan gida tukuna. Flagyl ɗin nan da ake saya a kemis kamar alewa, in an daɗe ana sha yakan taɓa jijiyoyin ƙafa.

Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac an hana ni, gama suna iya fusata jakar, sai paracetamol. Ƙwayoyin da aka yi domin su narke a hankali wani lokaci sukan fita yadda suka shiga, don haka duk likitan da zai rubuta mini magani nakan fara gaya masa ba ni da babban hanji. Masu tallar maganin basir a mota da lasifika kuwa, waɗanda suke alkawarin wanke dattin ciki, ko kyauta suka ba ni ba na karɓa. Abin da yake sa mai lafiya gudawa, ni ruwan jikina zai kwashe.

Kowace shekara nakan je a auna jinina, gama ƙarancin jini yakan zo a ɓoye. Akan duba sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, wanda a ƙarshen ƙaramin hanji ne jiki yake tsotsarsa, daidai wurin da aka lanƙwasa aka yi jaka. In ya yi ƙasa allura ake yi. Lokaci lokaci kuma akan leƙa jakar da na'ura. Ga 'yan mata da amare kuma, aikin nan yana iya sa samun ciki ya yi wuya saboda tabon da yake bari a mara. Ni na riga na haifi uku kafin a yi mini. Wadda ba ta haihu ba ta yi wannan magana da likita, ita da mijinta, tun kafin a sa ranar fiɗa.

Abin da na rubuta na cikina ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Na haɗu da wata a asibiti da take shan madara lafiya amma ayaba take kumbura ta. Rajista ta huɗu nake ciki yanzu, da hannuna nake jan layin tun da 'yata ta tafi makaranta. Abin da nake gwadawa a wannan wata shi ne dambun shinkafa da garin zogale maimakon ganye, cokali 3 ran Talata da safe. In ya zauna, Talata mai zuwa zan kai 5.